Yaya Idrisa, Sun Wanke Matacin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana Idrisa Barau, mai gyaran injin ban-ruwa a Magariya, bayan jinyar kwana shida. An kai shi makwancinsa bayan azahar. Yau kwana tara ke nan.

Yaya, ni ce ƙanwarka Mariya. Ka san sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau ban gama sabawa da alƙalami ba. Amma sai na rubuta wannan, domin idan na buɗe baki a tsakar gida zan faɗi abin da bai dace ba. Ba na jayayya da hukuncin Allah. Da mutane nake fushi.

Kowa ya san ƴata Lubabatu tana fama da sikila. Tun da ciwon ya raba ta da lakwal, ta bar zuwa aji, ta daina magana, ta daina cin abinci sai an yi da gaske. Kai ne ka haɗa mata akwatin gilashi a ɗakina, a gidanmu na gado, ka zuba ƙananan kifaye sha ɗaya. Ka ce mata, "Ƴar Kawu, ba su cin abinci sai mai su ta ci." Ranar nan ta shanye kwanon fura.

Ban manta wahalar da ka sha a kan abin tace ruwan ba. Na farko wani ɗan kasuwa ne ya kawo maka daga Kano, yana rantsuwa babu irinsa. Ƙarfinsa ya yi wa akwatin yawa, yana ta juya kifin kamar ana tuƙa tuwo, kuma da an ɗauke wuta sai ya mutu. Ka cire shi ka jefar. Ka yanka bido, jarkar ruwa ta roba, ka jera tsakuwa da gawayi da soso, ka sa ƙaramin inji da siririn tiyo, ka haɗa da faifan hasken rana da batir. Ka ce mataci mai kyau shi ne wanda ya dace da yawan ruwan, yake tafiya a hankali, ba ya tsayawa. Dangi suna yi maka dariya, wai babban mutum da gemunsa yana kiwon kifin da ba a sa wa miya. Kai ko kai ba ka ɗaga ba.

Abu ɗaya ka nanata mini. Ka ce a cikin soson nan da ya yi baƙi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cinye dattin kifi. Ba a kusantar da shi da sabulu, ba a wanke shi da ruwan pampo, sai dai a matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Har ka rubuta mini da manyan baƙaƙe don in iya karantawa, ka liƙa a bango.

Yaya, sun wanke shi.

Ranar sadakar uku gida ya cika da baƙi daga Guci da Mallawa. Ina ɗakin matarka Hamida ana gaisuwa, ashe Gwaggo Gumsu, ƙanwar babanmu, ta shiga ɗakina ta ga soson. Ta sa aka kwance matacin, aka dirje shi da sabulu da ruwan jabel na wankin fararen kaya, aka zubar da ruwan akwatin aka cika da na pampo. Lubabatu tana kwance tana kuka tana nuna musu takardarka, babu wadda ta waiwaya. Da na zo, Gwaggo ta ce mini, "Ke Mariya, ba ki da kunya? Gidan rasuwa, baƙi na shiga, ki bar wannan ƙazanta? Gode mini za ki yi."

Kafin la'asar kifi tara sun taso saman ruwa, ciki a sama. Da na yi magana aka ce, "Mutum ya mutu, ke kina ta kifi?" Wallahi ba ta kifi nake ba. Ƴata ce ta koma gidan jiya. Kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa, kuma a wannan zafin na bazara, mai sikila ba ta jure haka. Waɗanda suka yi maka dariya kana raye su ne suka fi kowa ɗaga murya wajen kuka, su ne kuma suka rushe aikin hannunka tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Na gaishe da Gwaggo domin uwa ce. Ban ce na huce ba.

Shekaranjiya na roƙi Hamida mabuɗin shagonka. Na tarar da bahon da kake gwaji a ciki, injinsa yana ta aiki shi kaɗai. Na ɗauko tsohon soson da ke ciki, na sauya ruwan akwatin da na bahon, na bi takardarka layi-layi, ina nuna kowane baƙi da yatsa. Sau uku na harhaɗa kafin ruwa ya fara gudu. Kifi biyun da suka rage suna nan da rai. Yau da safe Lubabatu ta ce in miƙo mata abincinsu. Na ce ta san sharaɗin. Sai ta karɓi koko ta sha rabi. Ban san gobe ba, amma na sa wa ɗakin kwaɗo, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Tausayin da ka nuna wa yarinyar nan, Allah ya sa ka tarar da shi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hamida da ƴaƴanka Imran da Saratu, da dukan dangi. Allah ya ba mu haƙuri, ni ya fara da ni, don nawa ya kusa ƙarewa. Amin.