Muttaka da Kilim ɗin Hajiya Inno

Muttaka mutumin Gusau ne. Ya sauka Injamena a farkon shekarun casa'in da niyyar sayar da batir da tocila, sai ɗakin da ya kama a unguwar Kilemat ya faɗo jikin shagon wani mai gyaran firij. Yau riƙe min nan, gobe miƙo min filaya, kafin shekara ta zagayo ya manta da tocila. Daga firij ya koma kan na'urar sanyaya ɗaki, wadda mutanen garin ke kira kilim, har aka fara ce masa Usta, wato gwanin sana'a.

Kilim ɗin wancan zamani akwatin ƙarfe ne da ake cusawa a bango, mai gurnani kamar babbar mota. Muttaka ya san halinsu sarai. In wanki bai yi ba, gas zai yi. In gas bai yi ba, akwai wani wuri a gefen hagu da yake kai wa mari, kuma sau da yawa marin kan yi aiki. Da wannan ya yi aure, ya sayi babur, ya yi tumbi.

Sai aka shiga shekarun dubu biyu, sababbin kilim suka fara shigowa, farare, marasa ƙara, masu rimot da ɗan gilashi mai nuna lamba. Hajiya Inno, mai sayar da turaren wuta da humra a unguwar Marjandafak, tana cikin na farkon da suka sa. Wata uku yana aiki, ran nan ana tsakiyar zafin Afrilu ya tsaya, ya rubuta E1 yana ƙiftawa. Ta aika aka kira Muttaka.

"Usta, me yake cewa?"

Muttaka bai taɓa ganin kilim ya yi rubutu ba. Ya gyara tsayuwa, ya ce, "Hajiya, gas yake nema."

Ya ƙara gas. E1. Washegari ya dawo ya wanke ɓangaren injin da ke waje tas. E1. Ya faki idon Hajiya ya kai masa mari a gefen hagu, murfin roba ya ɓalle ya faɗo a kan tiren shayi.

"Kai, Muttaka! Gyara na kira ka ko dambe?"

A ransa yana roƙon Allah a ɗauke wuta ya samu sararin tunani, amma wutar da kullum sai ta tafi, ranar ta ƙi motsawa.

Da abin ya ishe shi, ya hau babur ya je wajen Ghali, mai sayar da kayan gyara a bakin babbar kasuwa, ya ce wani abokinsa ne ke da matsala.

Ghali ya yi dariya. "Gaya wa abokin naka, a irin wannan kilim E1 na nufin sonda. Wata 'yar waya ce mai kai kamar ashana, ita ke jin zafin ɗaki ta gaya wa injin. In ta tsinke ko ta kwance, injin ya makance, sai ya ƙi tashi. Ka gaishe min da abokin, ka ce ya daina dukan kayan mutane."

Muttaka ya koma, ya hau kujera, ya zare ragar tace ƙura. Ƙamshi ya buge shi har sai da ya yi atishawa. Ga 'yar wayar nan tana lilo, an ɗaure mata dunƙulen auduga jiƙe da humra, nauyin ya fizge ta daga mazauninta, maiƙo ya cika bakin.

Ya ɗago audugar. "Hajiya, wannan fa?"

"Ni na rataya. Ba don haka suka sa igiyar ba? Ka ji yadda ɗakin ke tashi kuwa?"

"Hajiya, hancin injin ne kika toshe."

"To hancin da ba ya son humrata, wane irin hanci ne?"

Ya goge bakin da fetur kaɗan, ya mayar, lambar ta ƙi tafiya, don wayar ta riga ta lalace. Ya sake komawa wajen Ghali ya karɓo sabuwa. Yana soka ta, E1 ta ɓace, iska mai sanyi ta sauko. Hajiya ta yi hamdala, ta miƙa hannu za ta karɓi audugarta ta mayar.

Aka yi ta ja-in-ja. Ita ta ce ɗakinta ba zai zauna babu ƙamshi ba, baƙinta da hanci suke sayayya. Shi ya ce in ta sake, ko an aiko ba zai zo ba. Daga ƙarshe ya lanƙwasa wata waya ya yi ƙugiya, ya kafa a bango ƙasa da inda iskar ke fita, ya rataya audugar a nan. Ƙamshi ya gauraye falon fiye da da.

Kafin sati ya ƙare, ƙawayen Hajiya sun gani. Hajiya Kubura ta aiko daga unguwar Abena, kilim ɗinta lafiya lau, ƙugiya take so. Bayanta wasu suka biyo. Muttaka ya koyi lambobin nan duka daga baya, yana ma koya wa wasu, amma har ya tsufa a sana'ar, in mace ta tsayar da shi a hanya ya san ba gyara za ta tambaya ba. A Marjandafak kuwa in ka ce Usta Muttaka sai a yi ta tunani. Sai ka ce Mai Ƙugiya sannan za a nuna maka shagonsa.