Binne a Gonar Maiwada

A Kaura Namoda, can inda layin dogo ya gaji ya kwanta, akwai rumfar wani mai gyaran injin niƙa da muke kira Malam Hidali. Sunansa na gaskiya Fidelis, amma bakinmu na Zamfarawa bai iya wannan wahala ba. Daga Binuwai ya zo tun gashinsa na baƙi, wai zai ɗan ga gari ya koma. A nan aka kawo masa amarya, a nan kuma furfura ta cim masa.

Ni Lauratu, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa, maigidana Maiwada kuma amininsa ne. Ran Lahadi Malam Hidali kan wanke baƙin mai, ya sa farar riga, ya ja wa 'yan cocinsu addu'a, don fastonsu daga Gusau yake zuwa jefi-jefi. Malam Hidali mutum ne mai son karatu. Ko akuyarka ce ta ɓace, sai ya buɗo maka aya. Maiwada kan tsokane shi ya ce, "Abokina, kai kowace cuta kwalba guda kaka ba mutane."

Wata bazara zazzaɓi ya ɗauke Kelvin mai walda, ɗan cocinsu, ya bar matarsa Loveth da jinjira mai suna Endurance. A al'adarsu gida ake kai gawa, kusa da kakanni. To hanya ba lafiya a lokacin, ga zafi, dole aka binne shi a nan bayan gari. Tun daga ranar Loveth ta rufe bakinta da abinci. Maganarta ɗaya ce, wai ta jefar da mijinta a busasshiyar ƙasa, inda ba wanda ya san shi. Nononta ya ƙafe. Na gwada ba yarinyar koko da cokali, tana turowa. Kukanta ya sirance kamar na 'yar kyanwa, ni kuwa tsoro ya kama ni ƙwarai.

Malam Hidali ya yi ta zarya. Ya karanta, ya yi addu'a, ya ce ta yi haƙuri, ya sake karantawa. Ita kuwa ta kafa wa bango ido. Wata la'asar ya dawo jiki a sanyaye, ya zauna ƙofar gidanmu, ya tarar da Maiwada yana gyaran ƙotar sungumi.

Maiwada ya ce, "Gobe Sakajiki za ni, binne."

Malam Hidali ya zabura. "Wayyo! Allah ya jiƙan rai. Wa ya rasu?"

Maiwada ya yi dariya har da tari. "Shekarunka nawa garin ga, ba ka san binne ba? Gero za ni sa ƙasa tun ruwa bai sauka ba, shi jira."

Ina leƙe ta soro, na ga Malam Hidali ya daɗe yana kallon sungumin nan kamar yau ya fara ganinsa.

Da sassafe ya buga mana ƙofa, babu farar riga, babu littafi. Ya ce, "Lauratu, ki taimake ni. Ke kaɗai za ki iya fito da Loveth." Na goya jinjirar, na riƙo hannun uwar, ta biyo ni har gonar Maiwada kamar mai tafiya cikin barci.

Gonar fara fat, ko tsinken ciyawa babu. Kafin hantsi rana ta sa ƙasa ta fara rawa daga nesa, sai ka rantse tafki ne ya malalo, itatuwa suna iyo a kai. Maiwada yana gaba, yana sara yana taku, ƙafafunsa sun ɓace cikin wannan ruwan da ba ruwa ba. Wata kurciya tana ta kira daga kan gawo. Na ji kamar duniya ta rage mu kaɗai.

Malam Hidali ya zuba wa Loveth iri a tafin hannu. "Ɗiyata, tambayi Baba abin da yake yi."

Ta tambaya da 'yar Hausarta, murya a dushe.

"Binne nika yi, ɗiyata."

Ta ɗago ido. "A busasshiyar ƙasa? Zai mutu."

"A'a, kwana shika yi. Ajiya ce na ba ƙasa, ran da Allah ya aiko ruwa shi tashi. Irin wanga ma baƙo ne, daga Badarawa na samo shi. Ban taɓa jin ƙasa ta tambayi iri garinsu ba."

Na zaci yanzu malamin zai ɓarke da wa'azi, don na san hali. Sai ya durƙusa gefenta, ya ce a hankali, "Kalma ɗaya suke da ita, ga gero, ga mutum. Mu ma ai abin da muka gaskata ke nan. Ba jefarwa kika yi ba, Loveth."

Mutumin da bai taɓa rasa aya ba, ranar ko ɗaya bai buɗo ba.

Loveth ta kalli ramin da ke gabanta. Ta saki 'yan ƙwayoyi, ta ja ƙasa da diddige yadda ta ga Maiwada yana yi. A rami na gaba kuka ya ƙwace mata, irin wanda tun ranar rasuwar bai fito ba. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Haka ta bi layin nan har ƙarshe, tana zubawa tana rufewa, ni ina biye da 'yarta a bayana.

A gindin gawo ta zauna, ta share fuska da gefen zane. Ta dubi ƙwaryar da na taho da ita, rufe da faifai.

"Mama, akwai fura?"

Nan da nan na dama mata. Ta sha, ta ƙara, sannan ta miƙo hannu biyu ta ce in kwanto mata Endurance.