Motar da Ta Sa Sabiru Ya Kira Jidda

Rumfar Malam Sabiru mai lagireto tana bakin hanyar shiga Ɗanbatta daga Kano, jingine da shagona na taki da iri, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Gajeren mutum ne mai ƙarancin magana, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Direbobin haya sun san shi tun daga Kano har Kazaure. Idan mota ta iso tana tururi, sai ya taɓa tiyon sama, ya matsa na ƙasa, ya ce, "Toshewa ce," ko "Famfon ne," kuma da wuya ya kuskure.

Ba shi kaɗai ya kafa rumfar ba, shi da ƙaninsa Muntaka ne. Sabiru ke wankin lagireto da liƙi, Muntaka ke harkar wayoyi da batir, shi ne kuma bakin rumfar, don yana aiki yana zuba. Shekara goma sha tara ke nan da ya tafi Umara ya zauna a Jidda, ya sami aiki a wani gareji. Ya ce shekara biyu zai yi. Takardunsa ba su daidaita ba, idan ya fito ba zai koma ba, sai shekarun suka yi ta ja. A ta takwas Innarsu ta rasu, bai zo ba. Sabiru bai taɓa faɗa masa magana mai zafi ba, amma daga nan wayarsu ta koma gaisuwar Sallah kawai. Duk da haka, na sha jin sa ya fara cewa, "Da Muntaka na nan," sai ya haɗiye sauran.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, bayan Azahar, aka turo wata farar mota har gaban rumfar. Mai ita Hajiya Tahira ce, ungozoma a wani asibiti, za ta gida duba mahaifinta. Ta ce, "Baba, wata jar alama ce ta kama, sai motar ta rasa ƙarfi. An ce zafi ne, wai kai zan nema."

Sabiru ya ɗaga bonet, ya tsaya. Tankin ruwa biyu ya gani maimakon ɗaya, duka cike da ruwa mai launin hoda. Ga wani akwatin ƙarfe kusa da injin, manyan wayoyi masu ruwan goro na fita daga jikinsa. Ya taɓa tiyo, zafinsa daidai. Ba yoyo, ba tururi. Ya ce ta tayar. Ta ce ai a kunne take. Bai ji ƙara ko kaɗan ba.

"Irin mai haɗa fetur da lantarki ce," in ji ta.

Ya zagaya motar sau biyu. Na ga kunya a fuskarsa. Ya shigo shagona ya ce a hankali, "Malam Kamilu, ara mini wayarka mai nuna mutum." Tasa ƙarama ce, amma lambar Muntaka tana kansa.

Da Muntaka ya bayyana a fuskar wayar, ni kaina sai da na dube shi sau biyu. Gemu ya yi fari fat.

"Yaya? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Mota ce ta gagare ni."

Muntaka ya ce, "Nuna mini ita."

Ni na riƙe wayar. Yana ganin cikin bonet ya ce, "Kada ka taɓa wayoyin nan masu ruwan goro, wutarsu na kisa. Yaya, wannan hanyar ruwanta biyu ce, ba sa haɗuwa. Babban tankin na injin ne, shi ka sani: ruwa ya zaga ya kwashi zafi, ya je lagireto iska ta huce shi, ya dawo. Wancan akwatin kuwa inbata ce, ita ke juya wutar batir ta ba motar ƙarfi. Ba ta jure zafin da inji ke jurewa, shi ya sa aka ware mata nata tankin, da nata ƙaramin lagireton, da nata famfon. Kuma ba bel ɗin inji ke juya famfon ba, lantarki ne, saboda injin yakan mutu da kansa alhali motar na tafiya."

"To yaya zan gane ya mutu?"

"In ta huce, buɗe ƙaramin tankin ka leƙa, motar na kunne. In famfon na aiki za ka ga ruwan na motsi."

Sabiru ya leƙa. "Kwance yake kamar na randa."

"Shi ke nan, ka kama ɓarawon!" Muntaka ya yi wata dariya da rabon rumfar da ita shekara goma sha tara. Ya ƙara da cewa a duba gefen kujerar baya, akwai wata 'yar taga da fanka ke jan iska ta cikinta don sanyaya babban batir. Aka duba, sai ga jakar tsarabar Hajiya ta rufe ta ruf. Ya ce kuma kada a kuskura a zuba ruwan rijiya, sai irin wanda ke ciki.

An gama maganar mota, amma ba wanda ya yi sallama. Muntaka ya ce, "Malam Kamilu, don Allah juya wayar in ga titi." Na juya. Masu tumaki na wucewa, ga mata da ƙwaryar fura, ga motar gyaɗa an yi mata lodi har sama. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Yaya, ranar da aka kai Inna, a ƙarƙashin mota na wuni, don kada a ga fuskata."

Sabiru ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa. Ya ce, "Ta yafe maka. Ta ce in gaya maka. Ni ne ban gaya maka ba."

Washegari aka kawo famfon daga Kano. Muntaka na faɗa, Sabiru na ɗaurawa, har suka fitar da iskar da ta maƙale a tiyo, ruwan ya fara motsi. Hajiya Tahira ta tafi da motarta, ta kuma turo masa wasu biyu irinta kafin shekara ta fita.

Sabiru ya sayi tasa wayar mai nuna mutum. Yanzu ko ba mota yakan kira. Da damina na gan shi a gonarsu ta gado, yana tafe a kan kunya, ya ɗaga waya sama yana nuna wa Muntaka yadda gero ya yi. Muntaka ya ce yana shirin tattarowa gaba ɗaya, wataƙila bayan Babbar Sallah. Sallar ta zo ta wuce. Sabiru ya sa an yi wa ɗakin soro sabon yaɓe, an sa masa ƙofa. Da na tambaye shi makon jiya, cewa ya yi, "Ya ce baɗi, in Allah ya kai mu." Sai ya sunkuya ya ci gaba da hura wutar dalma.