Hayaniyar da Muka Bari a Faifan Burtali

Har in bar aikin nan ba na jin zan manta da ranar da Inna Hajara mai nono ta miƙo mini wayata a kasuwar Kuyello, ta ce, "Ɗana, wannan ba Ardo ba ne." Ku da kuka shigo sashen nan daga baya kun sha tambayata me ya sa nake hana ku goge hayaniya daga faifan taro. To ku gyara zama.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ni ne jami'in ɗaukar sauti a sashen wayar da kai na ƙungiyar manomanmu a nan Birnin Gwari. Idan an yi taro mai muhimmanci, sai in je in ɗauki maganar, mu dawo ofis mu gyara, mu zuba a memorin waya, mu kai wa masu cajin waya a kasuwanni. Su kuma duk wanda ya kawo caji sai su tura masa. Da haka magana take shiga ƙauyuka da rugagen da sabis ba ya kaiwa. A lokacin mu uku ne a sashen: Hajiya Rabi shugabarmu, sai ni, sai Ishaku mataimakina, wanda yake fassara mana zuwa Gbagyi, kuma ya fi ni hannu a kwamfuta nesa ba kusa ba.

Akwai wani zaure da nake ciki a intanet, na masu sha'awar kayan sauti. Mutanen kirki ne, kuma na koyi abubuwa da yawa a wurinsu, wannan ba zan ɓoye ba. Amma zaure ne da ba a taɓa ƙoshi a cikinsa. Yau wani zai saka hoton sabon makirfo, gobe wani ya ce ai wannan ya zama tsohon yayi. Shugaban zauren, wanda muke kira Farfesa, idan ka tura masa faifai ba ya tambayar wa ke magana ko me aka ce. Zai ce maka akwai shuu a ƙasa, akwai iska a sama, kayanka sun gaji. Sai ka kwana kana kallon rikodarka kamar ta yi maka laifi. Na canza makirfo, na canza abin sawa a kunne, na sake canza makirfon. Duk wanda na saya, daɗinsa bai wuce in buɗe kwali ba, domin kafin sati ya zagayo wani ya riga ya nuna wanda ya fi shi.

Abin da ya fitar da ni daga zauren ba wani babban abu ba ne. Maiɗakina ce ta turo mini saƙon murya ina ofis. Na saurara, na mayar mata da amsa cewa ta riƙa nisanta bakinta da waya, numfashinta yana bugun makirfo. Ashe cewa take yi mahaifiyarta ta sauka a tasha, in je in ɗauko ta. Tsohuwa ta zauna a kan buhunta har rana ta yi tsaka. Da na koma gida maiɗakina ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Malam, kai fa yanzu ba ka jin magana, ƙara kake ji." Washegari na rubuta a zauren cewa zan ɗan huta. Farfesa ya ce ba zan iya sati ba. Ishaku, wanda ni na shigar da shi, ya ci gaba da zamansa a ciki.

Kwanakin farko hannuna da kansa yake zuwa neman zauren. Daga baya na saba. Na ciro tsohuwar rikodata daga durowa, wadda aka taɓa yi mini dariya a kanta, na ci gaba da aiki da ita, ban mutu ba.

Ina cikin wannan hutun, gab da faɗuwar damina, aka kira zama tsakanin manoma da makiyaya a wani ƙauye gaba da Kuyello. Maganar burtali ce, wato hanyar da shanu suke bi zuwa rafi. Tsohon burtalin gonaki sun cinye shi, shekarar da ta wuce kuma an yi ɓarna, an yi faɗa, har da jini. Dattawan ɓangarorin biyu suka amince a fitar da sabon burtali ta bayan tsauni, manoma su shuka tsohon. Matsalar ita ce rugagen da ke can cikin daji ba duka za su iya zuwa zaman ba. Idan ba su ji ba, ko suka ji ba su gaskata ba, ta tsohuwar hanya za su koro shanu, cikin shuka. Hajiya Rabi ta ce mini, "Malam Habibu, faifan nan shi ne takardarsu. Ka ɗauko mana shi yadda ya kamata."

A gindin wata ɗorawa aka zauna. Na yi niyyar miƙa wa kowane mai magana makirfo, amma da na isa gaban Ardo Buba, shugaban makiyayan yankin, sai ya dube shi ya kawar da kai. Dattijon Fulani ba ya ɗaga murya a gaban jama'a, kuma ba zai riƙe ƙarfe a bakinsa kamar mai tallan magani ba. Kansa a sunkuye yake magana, a hankali, yana zane a ƙasa da sandarsa. Da na ga haka sai na ajiye tsohuwar rikodar a tsakiyar tabarma na koma gefe. Ita kuwa ba ta zaɓe, duk abin da ya motsa sai ta kwashe. Ta ɗauki iska, ta ɗauki zakara, ta ɗauki babur ɗin da ya wuce, da tarin Sarkin Noma, da wata saniya da ta ƙi yin shiru. Ardo yana faɗin sharaɗi, inda burtalin zai fara, inda za a kafa turaku, wanda za a kai wa ƙara idan an yi ɓarna, jama'a suna amsawa, "Mun ji, mun yarda." Manoma su amsa ta nan, makiyaya su amsa ta can.

Da muka dawo ofis, Ishaku ya ce in ba shi faifan. Akwai wata sabuwar manhaja da ake ta yabo a zauren, mai share duk wata ƙara ta bar murya zalla. Kafin la'asar ya gama. Ya kunna mana, muryar Ardo ta fito tas, kamar a gidan rediyo aka zaunar da shi. Babu iska, babu saniya, babu tari. Amsar jama'a ma manhajar ta ɗauke ta a matsayin hayaniya ta share.

Hajiya Rabi ta ce, "Kai, madalla! Wannan ai ko a Kaduna sai haka."

Gaskiya ni ma ya burge ni. Da watannin baya ne, da ni zan fara tura shi zauren in jira yabo. Amma na rufe ido na sake saurare, sai na kasa gane inda nake. Ni da na zauna a gindin ɗorawar nan, ban ji ta a ciki ba. Na ce, "Hajiya, faifan ya yi kyau, amma mutumin nan shi kaɗai yake magana."

Ishaku ya ce, "Oga, ai maganarsa ake son ji. Wa zai saurari saniya?"

Muka ɗan ja. Hajiya ba ta son dogon musu. Ta ce, "Ku biyun nan ba ku za ku kora shanu ba. Gobe kasuwa, ku tafi da faifan duka biyun, gyararren da ɗanyen, ku kunna wa masu shi."

Mun isa Kuyello da hantsi, bayan mun sha taɓo a hanya, domin an yi ruwan farko. Tun kafin mu sauke kaya mai cajin da muke hulɗa da shi ya tare mu da labari. Ana ta yaɗawa a rugagen nesa cewa Ardo bai je zaman ba, wasu kuma suna cewa ya je amma tilasta shi aka yi. Ga shi kowa ya ji cewa yanzu ana iya ƙera muryar mutum da waya. Manoma kuwa sun riga sun fara saran shuka a tsohon burtali. Hankalina ya tashi, domin na san abin da zai biyo baya idan garke ɗaya ya faɗa gona ɗaya.

Inna Hajara tana zaune kusa da rumfar cajin da ƙwaryarta. Daga ɗaya daga cikin rugagen nesan take, kuma irinsu ne suke kai mana memori inda babur ba ya shiga. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ga maganar Ardo, ki ji." Na kunna mata faifan da aka goge. Ta kanga wayar a kunne, ta saurara har ya yi nisa, sannan ta miƙo mini.

"Ɗana, wannan ba Ardo ba ne."

"Inna, wallahi shi ne. Ina wurin."

"Muryar ta yi kama," in ji ta. "Amma Ardo ba ya yanke magana shi kaɗai. Ina waɗanda suka ce sun ji? Ko dai a ɗaki kuka rufe shi, ko kuma abin nan naku ne ya kwaikwaye shi. Ni ba zan kai wannan ruga ba."

Na dubi Ishaku, shi ma ya dube ni. Na kunna ɗanyen faifan, na ƙure ƙarar. Iska ta fara bugawa, zakara ya yi cara, muryar Ardo ta taso can ƙasa-ƙasa. Da aka zo amsar farko, Inna ta ɗaga hannu. "Tsaya! Wancan mai kaurin muryar ƙanin mijina ne. Ashe ya je?" Makiyayan da ke jiran caji suka matso. Saniyar nan da ta dame ni ta yi kuka, wani a cikinsu ya yi dariya ya ce ai wannan jar saniyar gidan Ardo ce, mai karyayyen ƙaho, ko cikin barci ya san kukanta. Wani manomi ya ce tarin nan na Sarkin Noma ne, shekara da shekaru yana fama da shi. Kowa ya shiga tsintar nasa a cikin hayaniyar. Da faifan ya kai wurin addu'ar rufewa, liman ya yi tasa, fasto ya yi tasa, sai na ji mutanen da ke tsaye a rumfar caji suna amsa amin tare da na cikin wayar, Inna ta shafa. A duk shekarun da na yi ina sayen kaya, ban taɓa jin daɗin wani sauti kamar wannan amin ɗin ba.

Inna ta ce abu ɗaya ne, muryar Ardo ta yi ƙasa, tsofaffi ba za su ji ba. Nan Ishaku ya nuna gwanintarsa. Ya buɗe kwamfuta a kan bencin mai caji, ya ɗaga muryar Ardo kaɗai, ya bar sauran komai a inda Allah ya ajiye shi. Ni ban iya wannan ba, kuma a zauren nan ya koyo shi. Kafin kasuwa ta watse, faifan ya shiga wayoyi da yawa, Inna kuma ta ƙulle memori a bakin zanenta ta ɗauki ƙwaryarta.

Da masara ta kai ƙugu, Hajiya ta aike mu mu duba. Muka tarar da tsohon burtali ya zama gona kore shar, babu sawun kofato ko ɗaya a ciki. Muka zagaya bayan tsauni, ga sabon burtali ya sha tattaki, kashin shanu ko'ina tsakanin turaku. Ishaku ya tsaya yana ɗaukar kashin shanu hoto kamar ya ga zinariya. Na yi masa tsiya, amma ni ma bakina ya ƙi rufuwa.

Sai bayan kaka na koma zauren. Na saka guntun faifan ban yi bayani ba. Farfesa ya yi mini maraba, sannan ya ce iska ta yi yawa, rikodar ta tsufa, kuma wace ce wannan saniyar? Ya ba ni shawarar in sa wa makirfo soso saboda iska. Wannan na karɓa, na saya, yana da amfani. Sabuwar rikodar da ya ce in nema kuwa, har yau ban nema ba, kuma barcina nake yi. Mutum ɗaya ne a zauren ya tambaya, "Su waye waɗannan masu cewa mun yarda?" Shi na zauna na ba labarin duka. Yanzu ina shiga in ɗauki abin da zai yi mini aiki, idan na ji tsohon ƙaiƙayin sayayya ya motsa sai in sake ba su hutu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanenmu ba murya kaɗai suke saurare ba, suna sauraren wanda yake wurin lokacin da aka yi maganar. Ku gyara faifai yadda tsoho zai ji, wannan aikinku ne. Amma kafin ku goge wani abu, ku tambayi kanku ko akwai wanda zai gane ɗan'uwansa a ciki. Shi ya sa idan kuka kawo mini faifan taro shiru tas kuna jiran yabo, tambayar Inna Hajara nake fara yi muku: ina waɗanda suka ce sun ji?