Ticha Garba, Wanda Ya Koya wa Yaran Bawku Gudu

Bana shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar aminina Garba, wanda mutanen Bawku suka sani da Ticha Garba. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Amma na duba na ga sa'o'inmu sun kusa ƙarewa, sai tsoro ya kama ni kada in bi su a rasa mai ambaton sunansa.

A Salaga aka haife mu, unguwa ɗaya. Kakansa na cikin fataken goro da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna. Tare aka kai mu makarantar boko, tare kuma aka tura mu kudu, makarantar horon malamai. A can aka ware mutum kaɗan da za a koya wa aikin malamin motsa jiki, abin da a lokacin ake kira diril. Ni tilas aka yi mini. Garba da kansa ya ɗaga hannu.

Wani tsohon saje mutumin Gambaga ne ya horar da mu. Daga sallar asuba sai fili: gudu, tsalle, hawan igiya. Da hantsi mu shiga aji mu haddace sunayen ƙasusuwa da yadda ake ɗaure targaɗe. Ko da azumi ba a ɗaga mana ƙafa. Ni ƙirga kwanaki nake yi, shi kuwa Garba idan an tashi sai ya bi sajen da tambayoyi. Ya sha gaya mini cewa yaranmu na arewa tun suna ƙanana dakon doya da itace ke lanƙwasa musu baya, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu cewa jikin nan amana ne. Yana so ya ga ɗan Zango, wato ɗan unguwarmu ta Hausawa, ya tsaya a miƙe, ya dubi kowa ido da ido.

Da muka zo hutu, mahaifinsa Alhaji Sule ya gan shi da gajeren wando. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce shekara uku a baƙon gari don koyon tsalle, abin da akuyarsa ke yi ba tare da malami ba. Sannan ya roƙe shi, in zai wuce ta ƙofar masallaci ya sa dogon wando. Garba ya ce, "To, Baba." Har tsohon ya rasu bai taɓa zuwa ya ga aikin ɗansa ba.

Aka fara tura mu Yendi. Kafin shekara ta zagayo na roƙi hedimasta ya mayar da ni koyar da lissafi, don na gaji da dariyar da 'yan kasuwa ke yi mana. Garba ya tsaya. Bayan shekara biyu aka ɗauke shi zuwa Bawku, inda ya share fili da hannunsa, ya bi gidajen dillalan shanu ɗaya bayan ɗaya yana lallashin iyaye su bar 'ya'yansu su fito. Wasiƙunsa na lokacin cike suke da murna. Wane ya daina haki, wane ya tsallake igiya har ƙirji.

Sai babban yaƙin Turawa ya zo, aka shiga neman sojoji a arewa. Wata rana wani hafsa mai ɗaukar soja ya biyo ta makarantar, ya ce ya ji labarin malamin diril, yana so ya gani da idonsa. Garba bai kawo komai a ransa ba. Karo na farko ke nan da wani babba ya nemi ganin aikinsa. Ya tara manyan ɗalibansa da waɗanda suka gama, ya sa su gudu da tsalle, yana kiran sunan kowa da alfahari. Hafsan yana rubutawa. Kafin wata ya ƙare, shida daga cikinsu sun hau lorin sojoji.

Huɗu suka dawo. Cikin biyun da suka kwanta dama a ƙetare akwai Awudu, ɗan Malam Isa dillalin shanu, wanda sau uku Garba yana zuwa gidansu kafin uban ya yarda ya sake shi. Na je Bawku hutu a lokacin da labarin ya iso, don haka ina tsaye a bakin fili sa'ad da Malam Isa ya zo. Bai ɗaga murya ba.

"Ticha, da ka bar mini shi da ƙusumbinsa, da yanzu yana kasuwa tare da ni."

Garba ya cire hula, ya durƙusa. "Baba, ban san abin da suke rubutawa ba."

"Na yarda ba ka sani ba. Amma kai ka gyara musu shi."

Daga ranar iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Garba ya ci gaba da fita fili don aikinsa ne, sai dai in ya ga yaro ya fi saura gudu, sai ya ce masa ya je ya zauna a inuwa. Wasiƙarsa ta ƙarshe layi huɗu ce. Ya tambaye ni ko akwai gurbin malamin lissafi a Yendi. Na ajiye ta da niyyar in yi magana da hedimasta tukuna. Ina cikin wannan jinkiri sanƙarau ya shiga Bawku da bazara, ya ɗauke shi cikin kwana uku. Bai kai shekara talatin da biyar ba, bai bar ɗa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A makarantun da na sani, lokacin motsa jiki ya zama lokacin ɗebo ruwa da noman gonar hedimasta. Wanda aka horar a kan aikin yakan ɓoye takardarsa ya nemi wani darasi, kamar yadda na yi. Filin da ya share a Bawku ya zama tashar mota. Ban sani ba ko zai yi baƙin ciki, ko kuwa zai ce gara haka, babu wanda zai sake zuwa ya zaɓa.

Bara na koma Bawku neman kabarinsa, ban same shi ba. A makarantar babu wanda ya taɓa jin sunansa. Daga ƙarshe aka nuna mini wani dattijo mai gadin sito, Mamman, ɗaya daga cikin huɗun da suka dawo. Na tambaye shi abin da yake tunawa. Ya ce ranar da abokan gaba suka koro su a cikin daji, waɗanda suka fi shi ƙarfi sun faɗi, shi kuwa ya riƙa jan numfashi yadda Ticha ya koya musu har ya kai bakin kogi. Na ce ko ya gaya wa Garba. Ya ce a'a, gari na fushi da shi a lokacin, ya ji nauyin a gan shi a ƙofarsa.

Abin da na samu ke nan da ya rage na Garba: tsoho ɗaya da ke numfashi saboda shi, da magana ɗaya wadda da ta isa kunnensa, da wataƙila ya mutu da sauƙin zuciya. Mamman bai faɗa ba, ni ban amsa wasiƙa ba. Allah Ya jiƙan Garba, mu kuma Ya yafe mana.