Malam Labo da Rijiyoyina Bakwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu na 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Labo mai haƙar rijiya a gidansa da ke Funtuwa, bayan jinyar ƙirji ta wata biyu. Ni ne Tanimu, maƙwabcinsa kuma abokin sana'arsa na shekara arba'in.

Labo, tare muka koyi haƙa a hannun marigayi Mati na Maska, da igiya ɗaya ake zura mu rami. Tun a lokacin na san ka fi ni. Ni sai na haƙa gaba goma ina fargaba, kai kuwa ka dubi ciyawar wuri, ka murza ƙasa a tafin hannu, ka ce nan ne, kuma nan ɗin ne. Mati ya yabe ka a gabana, ni in yi murmushi hassada tana cin raina. Ban taɓa faɗa maka ba, sai yau da ba ka ji.

Alherinka ba ya ɓoyuwa. A Mahuta ka haƙa wa wata tsohuwa rijiya, da ta rasa abin ba ka sai ka ce ta dama maka fura. A Matazu, ranar da gefen rami ya rufta mini har ƙirji, kowa ya ja da baya, kai ka ɗaura igiya ka sauko ka tone ni da hannu. Na gode maka, amma Allah Ya sani ko wannan bai yi mini daɗi duka ba, domin har gobe in an ba da labarin, kai ne namijin duniya, ni ne wanda ƙasa ta binne.

Abu ɗaya nake da shi da ba naka ba: rijiyoyi bakwai na gangaren unguwarmu, har da ta cikin gidana. Ni na haƙa su, ba su taɓa ƙafewa ba, har ana cewa ruwan Tanimu. A samansu akwai tsohon kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, wanda motocin shara suka mayar da shi juji. Ledoji, tsofaffin batura, ƙazantar mayanka, ruwan rini, komai can ake juye shi, damina ta zo ta jiƙa. Wata rana ka shigo gidana, aka kawo maka ruwa a moɗa, ka kurɓa ka tofar.

Ka ce, “Tanimu, juji ya sauko cikin ruwan nan. Yadda ruwa ke bin gangare a sama, haka yake bi a ƙasa.”

Na ce, “Kai dai ka ce ba kai ka haƙa ba.”

Ka ajiye moɗar ka fita. Bayan sallar La'asar ka faɗa wa mutane a ƙofar masallaci, sau ɗaya tak, suka yarda. Ma'aikatan lafiya suka ɗebi ruwan a kwalabe suka kai gwaji Zariya, sai da na'ura ta yi wata guda kafin ta gano abin da harshenka ya gano a kurɓa ɗaya. Daga nan ka kira gayya. Aka tsince batura da gwangwanaye, manoma suka kwashi ruɓaɓɓiyar shara zuwa gona, aka daɓe gindin ramin da yumɓu, aka yanka wa ruwan sama hanya. Ka gaya musu gaskiya, cewa ruwan ƙasa ba zai wanku a shekara ɗaya ba, ko biyar ma da wuya. Aka rufe rijiyoyina shida da kankare, ina tsaye ina kallo, mata suna sa maka albarka don gudawar yara ta ragu.

Ta bakwai, ta gidana, na ce ba mai taɓa ta. Sau uku ka zo, sau uku na juya maka baya. Na san da gaskiyarka, Labo. Na ƙi ne kawai don daga bakinka ta fito, kuma jikokina suka ci gaba da sha.

Ranar da ka rasu, gidana ne mafi kusa, ni ya kamata in kawo ruwan wanka. Na ja bokiti biyu na kai zaure, mutane cike. Sai matarka Hansai ta yi magana daga bayan ƙofa.

“Malam Tanimu, ka yi haƙuri. Ya bar wasiyya kada a wanke shi da ruwan ƙasan juji.”

Na ce, “Har nawa, Hansai?”

Ta ce, “Naka ya ambata. Ya ce in gawa ta ƙi shi, wataƙila ka ji kunyar ba wa masu rai.”

Na tsaya da bokiti a hannu, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Daga burtsatsen masallaci aka ɗebo maka ruwa. Kana kwance ba numfashi ka sake kayar da ni, kuma na ji haushi, ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar sadakar uku na kwaɓa siminti da hannuna na rufe rijiyar gidana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hansai, da 'ya'yansa Zakariya da Hafsatu, da dukan mahaƙan Funtuwa da Malumfashi. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya Allah Ka jiƙan Labo, Ka yalwata makwancinsa, Ka shayar da shi daga Alkausara saboda yaran da ya hana shan guba. Ni kuma jama'a ku roƙa mini Allah Ya yaye mini abin da har yanzu nake ji a ƙirji in an yabe shi. Labo, ka fi ni, ka yafe mini.