Gangar da Muka Fitar Daga Turmi

Har gobe ban manta da safiyar da Inna Hansai ta mirgino turminta zuwa rumfarmu ba. A daminar da ta biyo bayan babban farin nan ne, lokacin mutane ba su gama sabawa da naira ba. Ina aikin sassaƙa a wani ƙauye kusa da Makoda, ƙarƙashin Baba Tanko, Sarkin Sassaƙa na yankinmu. Ina da aure har da 'ya'ya, amma a rumfa shi ke zaɓar ice, shi ke sa alama da gawayi, ni nawa sara.

Ku da inji ke rarake muku ice yanzu, bari ku ji yadda ake yi a da. Ganga daga bishiyar alilliba ake fitar da ita. A sare ta ɗanya, a rarake cikin da gizago da dogon ƙarfe, sannan a ajiye kangon, wato icen da ba a rufa wa fata ba, a inuwa ana shafa masa mai har ya bushe a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya kai shi rana, tsagewa zai yi. To a shekarar, alilliba sai labari. Wadda fari bai kashe ba an sare ta, an sayar da itacen an sayo garin rogo.

Ruwa ya sauka, aka shuka ɗan irin da ya rage. Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro ta fi shi. Gonar Inna Hansai ta fi ta kowa shiga haɗari. Mijinta, wanda shi ne Sarkin Noma, ya rasu da rani, 'ya'yanta maza sun tafi cirani ba amo ba labari. In ba a yi mata noman farko a makon nan ba, ciyawa za ta shanye geron, ita da jikokinta su sake shiga wata shekarar yunwa. Mai unguwa ya kira gayya, a taru a nome mata. Amma a wajenmu gayya ba ta tashi sai da ganga, gangar Ɗan'azumi makaɗi kuwa ta tsage daga wannan baki zuwa wancan saboda bushewa. Mutanen da ke cin abinci sau ɗaya a yini, ba kiɗa, sai kowa ya yi ta noƙewa.

Inna ta tsayar da turmin gaban Baba Tanko tana haki.

"Sarki, fitar wa Ɗan'azumi ganga daga wannan."

Baba Tanko ya dubi turmin, fuskarsa ta canza. Ubansa ne ya sassaƙa shi lokacin bikinta.

"Haba Hansai! Mu masassaƙa turmi muke kai wa gida, ba ma fasa shi. In na huda gindinsa, a ina za ki yi daka?"

"Dakan me, Sarki? Tun azumi rabon da taɓarya ta shiga cikinsa, kaji ma sun daina zuwa gindinsa. In gero ya yi, maƙwabta na da turmi. In bai yi ba, turmin zan dafa wa yara?"

Ya ɗauki gawayi ya zagaye turmin da layi, ya miƙo min gatari.

Gaskiya raina bai so ba, na kuma yi ƙunƙuni yadda zai ji. Turmin na ƙirya ne, ƙiryar da ta yi shekara da shekaru tana bushewa. Kowane sara sai na ji shi har haƙorana. Na cire gindin, na huda, na shiga rage kaurin jikin. Ɗan'azumi na zaune a gefe yana ba ni shawarar da ban tambaya ba.

"Sale, a hankali dai, kada ka yi min rariya."

Na ce, "In ka iya, ga gizago. Kai da ko sandar kiɗanka sai an feƙe maka."

Da na fara kankare cikin, sai wani ƙamshi ya taso: gero, daddawa, citta, barkono, duk abin da icen ya sha tun Inna Hansai tana amarya. Mu uku, ba wanda ya karya kumallo. Ɗan'azumi ya ɗauki ɓawon da na sassaƙe ya kai hanci, ya kau da kai. Ni dai hawaye na yi, ban kuma ɓoye ba.

Baba Tanko ke duba aikin. Ya ƙwanƙwasa jikin da bayan yatsa, ya kara kunne, ya ce a ƙara ragewa nan, a bar can. Fata kuwa ba ta yi mana wuya ba, abin takaici, don awaki sun ƙare a hannun mahauta a shekarar. Muka jiƙa, muka rufa, muka ɗaure. Gangar ta fito gajera, mummuna, ga nauyi. Ɗan'azumi ya rataya ya ce kafaɗarsa ta shiga uku. Da ya buga, sai ta ba da murya mai kauri wadda ake ji a ƙirji.

Ranar gayya tun da sassafe ya fara bugawa a bakin gona. Maza suka yi ta fitowa da fartanya, har waɗanda suka ce ba su da lafiya. Al'adar ita ce kowane manomi yana da takensa, in makaɗi ya buga naka sai ka zabura ka shiga kunyarka. Kunyar farko kuwa ta Sarkin Noma ce, shi ke buɗe fage. Ɗan'azumi hannunsa ya saba, bai ankara ba sai ya fara da taken marigayin. Kowa ya tsaya cak. Ba wanda ke da ikon shiga wannan kunya, mai ita yana kabari.

Inna Hansai ta taho da tulun ruwa. Ta sauke shi, ta gyara ɗaurin zaninta, ta karɓi fartanya a hannuna ta shiga kunyar mijinta. Ɗan'azumi bai daina bugawa ba, fuskarsa sharkaf da hawaye. Ba ta yi nisa ba Baba Tanko, tsoho mai ciwon baya, ya sunkuya a kunyar da ke gefenta. Daga nan ba wanda ya jira takensa. Kafin la'asar ba ciyawa ko ɗaya a gonar, kuma Allah Ya sa geron ya yi.

Na sassaƙa ganguna masu kyau bayan wannan, amma a kanta na gane sana'ar. Mutanenmu in suka kawo maka ice, sau da yawa wani abu suka haƙura da shi kafin ya iso rumfarka, kuma ba za su faɗa ba. Shi ya sa har yau ba na ɗaga gizago sai na tambayi inda icen ya fito. Ku ma ku riƙa tambaya.